Sun Haska Fuskarki a Hoto, Malama

Malama, baban yarana yana nan lafiya, ƙafar ta yi sauƙi har yana fita masallaci da kansa. Babban yaron da matarsa lafiya lau. Ni hawan jinin ya ɗan motsa, amma ina shan magani. Auta ce ba lafiya, kuma ba ciwon da za a kai asibiti ba ne.

Ranar Talata, tara ga watan nan, da hantsi, mai gadin gidan adana kayan tarihi ya kira ni a waya ya ce Allah Ya yi miki rasuwa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Tsintsiya ce a hannuna, ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba.

Ta bayan ƙofa na fara sanin ki. Ajinmu na yaƙi da jahilci yana jikin ɗakin taron gidan tarihin, inda kike gayyato masana duk Asabar, su yi lacca kan tarihi da zane-zane da launin fata. Muna koyon haɗa baƙi, muna jin muryoyinku ta bango. Wata rana kika same ni ina leƙe, kika ce, "Iya, ƙofar nan ba ta cizo, shigo." Na ce ni ba na jin yarensu na boko. Kika ce, "Rabin na ciki ma kai kawai suke gyaɗawa." Kika zaunar da ni kusa da ke, kina fassara mini ƙasa-ƙasa har aka tashi.

A lokacin Auta ta yi nisa da shafa man ƙara hasken fata. Tun tana ƙarama yara ke ce mata Gawayi, ta taso da abin a ranta. Kumatunta suka ƙone, gaɓoɓin yatsunta baƙi, sauran jikin ja. Na yi faɗa, na yi kuka, na fasa kwalba, ta sayo wata. Da na kawo miki kukana, kika ce in daina faɗan, in zo da ita kawai.

Ranar da na zo da ita aka kashe fitilu, aka haska tsofaffin zane-zane a bango. Baƙon masanin ya nuna yadda aka daɗe ana ajiye baƙar fata a can baya cikin zane, riƙe da faranti ko linzamin doki, ba suna, ba fuskar kirki. Da ya gama, kika tashi kika sa zanen wata mata mai duhu kamar Auta, kika ƙara girman kuncinta har ya cika bangon. Kika ce, "To, wani ya taso ya nuna mini baƙi a nan." Shuɗi ne, da ja, da ruwan ƙasa, har da ɗan kore. Aka tashi, muka koma gida. Asabar ta gaba, Auta ta riga ni shiryawa.

Ke kika ba ta fenti da buroshi da wani lungu a ɗakin ajiya. Ke kika zauna mata bayan kowace lacca tana zana ki, kina mita: "Ke Auta, wuyana ya ƙage. Kuma idan kika rage mini duhu ko kaɗan, sai na ja kunnenki." Ta gama zanen kafin ki kwanta ciwo. Fatarta ma ta warke, sai ɗan tabo.

Malama, ga abin da ya hana ni barci. An liƙa sanarwar taron tunawa da ke na Asabar mai zuwa a ƙofar ɗakin taro, da hotonki. Wanda ya buga hoton ya haska ki. Ni wallahi na wuce ban gane ki ba. Auta ta shiga ta tambayi sakatare, ya ce, "Ai gyara ne, haka masu buga hoto ke yi, don ta fito da kyau." Da muka dawo gida ta ce mini, "Inna, ashe Malama ma sai da aka gyara ta."

Tun ranar ba ta fita daga ɗaki. Ta juya zanenki ya fuskanci bango. Shekaranjiya ina kwashe kayan wankinta na tarar da sabuwar kwalbar man nan a ƙarƙashin tufafi. Ba a buɗe ta ba tukuna. Na mayar yadda na same ta, don kin ce in daina faɗa. Kullum da safe idan na miƙa mata kofi, yatsunta nake kallo.

Na je na roƙi shugaban gidan tarihin a ɗaga zanen Auta a wurin taron maimakon wancan hoton. Ya ce fuskar mamaciya ce, sai iyalinta sun yarda.

Allah Ya jiƙan ki, Malama, Ya gafarta miki, Ya yalwata kabarinki. Yadda kika buɗe mana ƙofa ba ki tambayi takardunmu ba, Allah Ya buɗe miki ƙofar Aljanna. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki, da 'ya'yanki, da 'yan uwanki, da abokan aikinki. Allah Ya ba ku haƙuri da juriyar wannan babban rashi.

Malam, maigidan marigayiya, ka gafarce ni da na kawo maka damuwata cikin zaman makoki. Ban ɗora wa kowa laifi ba, na san ba a gidanku aka taɓa hoton ba. Roƙona ku ba da izini a ɗaga zanen. Idan kuna son ku fara gani, ni da kaina zan naɗo shi a zani in kawo. Don Allah ku ba ni amsa kafin Alhamis, domin ranar Juma'a za a shirya ɗakin taron. Idan a'a ce, ni za ku gaya wa, kada ku kira Auta. Ba ta san na rubuto ba.