Jirgin Ceton da Ke Zauren Babana

A wurin wani suna a Limanti na ji maganar da ta sa na ɗauki guduma da zarto ina da shekara arba'in da uku. Muna zaune a tsakar gida ana raba shinkafa, wata mata tana ba da labarin maganin da ya warkar da ƙanwarta daga ciwon suga cikin kwana uku, sai ta kusa da ni ta taɓe baki ta ce wannan ai labarin mai jirgi ne. Aka kwashe da dariya. Na tambaye ta wane mai jirgi. Ta ce ita ma ba ta san shi ba, haka dai ake cewa in mutum ya shararo ƙarya, wai wani tsoho ne a Wulari. Na ajiye cokali na gaya mata tsohon nan shi ya haife ni. Ta shiga rantse-rantse da ba da haƙuri, amma ni ba da ita nake fushi ba. Abin da ya ƙona mini rai shi ne sunan babana ya tsallaka unguwanni, ya zama abin da ake auna ƙarya da shi a bakin waɗanda ko fuskarsa ba su taɓa gani ba.

Labarin kuwa bai da wani tsawo. Baba ya bar Maiduguri yana saurayi, ya yi shekaru yana aiki a jiragen dakon kaya da ke tashi daga Legas. Wata shekara jirginsu ya kama da wuta a tsakiyar teku, suka shiga ƙaramin jirgin ceto mai rufi, kowa ya ɗaure kansa a kujera. Igiyar ruwa ta kifar da su, kai ƙasa ƙafa sama, suna salati. Sai jirgin ya juyo da kansa ya zauna daidai, ba wanda ya taɓa shi. Da kamfanin ya rufe, Baba ya roƙi a ba shi samfurin jirgin na katako, wanda ake koya wa sababbin ma'aikata darasi da shi. Ya fi gado tsawo, sai mutum biyu ke ɗaga shi, ga wani ƙarfe mai nauyi a gindinsa, gaba da baya kuma sun yi tudu kamar tozo. Ya ɗoro shi a kan babbar mota, kafin su iso gida igiya ta farfasa masa gefe ɗaya.

Amininsa na ƙuruciya, wanda muke kira Baba Alhaji, shi ya fara ƙaryata shi. Dillalin kifi banda ne, ya daɗe yana shiga tafkin Chadi, saboda haka in ana maganar jirgi a majalisarsu ta gindin dogon yaro, tasa ce ta ƙarshe. Ya ce shi dai a saninsa jirgi in ya kife, sai a yi wa mutanen ciki addu'a. Bai taɓa kiran Baba maƙaryaci ba, cewa yake tsoro kan nuna wa mutum abin da babu, kuma ruwan gishiri yana taɓa ƙwaƙwalwa. Da zagi ne ma da ya fi sauƙi. Baba ya ce zai gyara jirgin ya nuna musu in ya sami sarari. Shagon da ya buɗe ya ci sararin, mu 'ya'ya muka ci sauran, sannan shanyewar ɓarin jiki ta zo ta ɗauke masa hannun dama da harshe. Abin da ya rage masa "to" da "a'a" ne, su ma yakan sa ɗaya a wurin ɗaya.

Washegarin sunan na je gida na tarar da jirgin inda yake tun ina yarinya, a kusurwar zaure, ƙarƙashin tsohuwar katifa da buhunan wofi, kaza ta yi ƙwai huɗu a cikinsa. Yayana ya ce dama yana shirin ba masu tuyar ƙosai su yi makamashi da shi, don yana son wurin ya zuba kayan shagonsa. Na ce masa ranar da ya taɓa jirgin nan, ranar zai san mace aka haifa a bayansa. Malamar firamare ce ni, an yi dogon hutu, ba abin da zai hana ni.

Akwai kafinta a layinmu, dattijo ɗan kudancin Borno, mai yin bencin coci da teburan makaranta. Shi ya ara mini kayan aiki, ya nuna mini yadda ake kankare tsohon fenti, da yadda ake jiƙa siririn katako ya lanƙwasu ba tare da ya karye ba. Kullum da safe nakan shimfiɗa tabarma a zaure, in turo Baba a kekensa, in ɗaure ɗankwali in kama aiki. Masu wucewa su leƙo su ce wushe da aiki, wato sannu da aiki, su wuce suna ƙunshe dariya. An ce na haukace, an ce mijina ya yi sake. Ko a jikina. Cikin mako uku na toshe gefen da ya fashe, na shafe shi sumul, har kafinta ya ce da na zo da wuri da ya ɗauke ni aiki.

A nan ne na yi wautar da har yau in na tuna nake jin kunya. Mu a garin nan, in kana son sanin lafiyar katako, ƙwanƙwasa shi kake yi. In ya amsa da ƙarfi, lafiya lau. In ya yi ƙara kamar ganga, gara ta riga ka. Haka muke gwada ƙofa, haka muke gwada gado da azara. Da na ƙwanƙwasa tudun gaban jirgin sai na ji ganga, na baya ma ganga. Na huda ƙaramin rami na leƙa, ba komai ciki sai duhu. Na ce shi ke nan, gara ta cinye cikin tas ta bar mini ɓawo. Kafinta ya zura yatsa ya ce shi bai ga ƙasar gara ba, gara kuwa ba ta ci ta share wuri, in tambayi Baba tukuna. Na ce in tambayi wa, mutumin da "to" ɗinsa "a'a" ne? Na kwaɓa garin katako da gam cikin roba, na yi kwana huɗu ina ɗurawa ina dannawa da muciya, har sai da tudun biyu suka cika maƙil.

Duk kwanakin nan Baba yana miƙa hannun hagu yana ƙwanƙwasa jirgin, yana dubana yana cewa a'a, a'a. Ni kuma in ce masa ya ji ko, ya yi tauri kamar dutse. Ranar da na gama sai na ga hawaye a fuskarsa. Na share masa da gefen mayafina, ina ta alfahari wai kukan daɗi yake yi.

Na yi masa fenti ruwan lemo kamar yadda yake da. Sannan na je majalisar da ƙafata, na durƙusa na gaishe su, na gayyace su ranar Asabar da hantsi zuwa wurin mai buga bulo na bayan layinmu, inda yake da babban dam ɗin ajiye ruwa. Suka zo, har da waɗanda ban gayyata ba. Aka turo jirgin a kurar masu ruwa, aka sa shi a dam, ya zauna, ko da yake na ga ya nutse fiye da yadda na zata. Na ɗauki gora na danna gefensa har ya kife. Na ja da baya ina jira. Ya tsaya a kife, ƙarfen gindinsa yana kallon sama. Na ƙirga goma, na ƙirga hamsin. Ba wanda ya yi dariya, da ma sun yi. Baba Alhaji ya gyara hularsa, ya ce a mai da tsoho gida, rana ta yi zafi.

A hanya Yaya ya ce da can ana shakka ne kawai, yau na kira jama'a na tabbatar musu. Gaskiya ya faɗa, kuma ba abin da ya fi gaskiya ciwo in ta fito daga bakin wanda kake jin haushi. Na yi kuka ranar, na baƙin ciki da na fushi, har na ji a raina ina tambaya ko dai Baba Alhaji ne mai gaskiya tun farko. Wannan tunanin ya fi komai ba ni tsoro.

Kwana biyu ban taka gidan ba. A rana ta uku na je kai wa Baba kunu, na tarar an ajiye shi a zaure kusa da jirgin, ga wata jarkar wofi a gefen kekensa. Ya kama hannuna da ƙarfin da ban san yana da shi ba. Ya ƙwanƙwasa jarkar, ta yi ƙara. Ya ƙwanƙwasa tudun jirgin, shiru. Ya koma kan jarkar, ya dube ni. Sai da ya yi haka sau uku kafin kaina ya buɗe. Wace mace ce ta taɓa ɗiban ruwa ba ta san jarkar wofi ba ta yarda a danna ta ƙarƙashin ruwa ba? Ba gara ba ce ta ci cikin tudun nan, haka aka yi su, iska ce a ciki. In jirgin ya kife, iskar ta ƙi zama a ƙasa, ƙarfen ya ƙi zama a sama, dole ya juyo. Ni da hannuna na cusa masa abin da ya danne shi. Ƙaramin sani ƙunƙumi ne. Na durƙusa a gaban keken na ce Baba ya yafe mini, shi kuwa ya ce "to," kuma na tabbata wannan karon "to" ɗin yake nufi.

Abin da na ɗura a kwana huɗu sai da na yi kwana tara ina haƙo shi, don gam ya riga ya daskare. Kafinta ya yanka mini 'yar taga a kowane tudu, na shiga aiki da sukundireba da tsohon cokali, tafin hannuna ya yi ƙuraje ya fashe. Bai taɓa ce mini ai ya gaya mini ba, sai dai in ya zo dubawa yakan yi ta fito da baki, wata waƙar cocinsu, a hankali, yadda na san da ni yake. Yanzu Baba ne mai duba aiki. Na haƙa in tura masa, ya ƙwanƙwasa ya girgiza kai, in koma. Ran da ya ƙwanƙwasa ya gyaɗa kai, muka rufe tagogin, muka liƙe kowace kafa, muka sake fenti.

Kafinta ya ba ni shawara mu kai shi dam mu biyu mu gwada tukuna, kada a maimaita abin kunya. Shawara ce ta hankali, amma na ƙi. In na gwada a ɓoye, na shiga sahun masu cewa sai sun gani ke nan, ni kuwa na riga na yi wa Baba wannan laifin sau ɗaya. Na sake komawa gindin dogon yaro. Baba Alhaji ya dube ni da tausayi.

"'Yata, ki bari mu mutu da mutuncin juna."

"Baba Alhaji, ai mutuncin mutum ɗaya ne ya rage," na ce masa. "Na ɗayan kun daɗe da cinye shi da goro. Asabar da hantsi."

Mutanen da suka zo ba su kai na farko yawa ba, amma tsofaffin sun zo. Da aka sa jirgin a ruwa ya zauna sama-sama, yana rawa. Ban kifa shi da kaina ba. Na miƙa wa Baba Alhaji gorar, na ce shi ya san jirgi, ya kifa shi yadda ya ga dama. Ya danna, jirgin ya ƙi, ya ƙara ƙarfi har ya kife. Jirgin ya ɗan tsaya a haka, sannan ya karkata a hankali, ya juyo gaba ɗaya, ruwa yana zuba daga rufinsa, ya zauna daidai. Baba Alhaji ya sake kifa shi ta ɗaya gefen. Ya tashi. Ya kifa shi na uku, ya danne da gorar ya riƙe, da ya saki ya tashi.

Ya ajiye gorar ya juyo wurina, ya fara cewa na yi ƙoƙari. Na ce ba ni zai gaya wa ba, ga Baba can. Sai ya taka zuwa keken, ya durƙusa da ƙyar a kan jiƙaƙƙen yashin bulo, ya yi magana da Kanuri yadda kowa zai ji: ya ce Baba ya faɗi gaskiya, shi ne bai sani ba.

Baba ya ɗaga hannun hagu ya nuna jirgin, ya buɗe baki ya fara magana. Ba kalma ko ɗaya da ta fito daidai, amma na gane daga hannunsa labarin yake bayarwa tun daga farko: ga wuta, ga igiyar ruwa, ga kai ya koma ƙasa. Yawu yana zubo masa, bai damu ba. Tsofaffin suka samu bulo suka zauna. Rana ta fara zafi, Yaya ya duba agogo ya miƙe, ya raɗa mini cewa ya bar shago a rufe, kuma ai ba wanda ke jin abin da Baba ke faɗa.

"Zauna, Yaya," na ce. "Bai gama ba."

Ya koma ya zauna, muka saurara har Baba ya kai ƙarshe.