Bakaniken da Ya Hana Cokalin Tarakta Faɗowa

Kullum da safe, kafin Kawu ya taɓa sifana, sai ya jawo kwalin da ya shimfiɗa jiya a ƙarƙashin injin da ya kwana a rumfarsa. Ɗigon man da ke kan kwalin ne ke gaya masa inda ciwon yake. Shekara talatin da huɗu ke nan yana haka. Yanzu sai ya durƙusa har hancinsa ya kusa taɓa kwalin, don yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma ya fara dishi-dishi. Ƙarshen watan nan zai rufe rumfar, kuma wallahi ban ga wanda ya damu ba.

Ƙungiyar manomanmu tsohuwar tarakta guda gare ta, mai cokali a gaba, da ita ake kwasar taki zuwa gonaki. Bara tiyon man da ke ɗaga cokalin ya fashe, cokalin ya faɗo cike da ƙasa a kan direban yana tsugune yana cire dutse. Aka yanke masa ƙafar dama. Direban ɗan ƙanwar Kawu ne. Tiyon kuwa Kawu ne ya ɗaure shi mako guda kafin nan, maimakon ya canza.

Babu wanda ya ƙara yarda ya hau ta. Ƙungiya ta ce a sayar wa 'yan gwangwan, kowa ya koma ɗaukar taki a ka. Kawu ya miƙe a taron ya ce, "Ku ba ni wata biyu. In cokalin nan ya sake faɗowa, ni da kaina zan kira masu saye."

Ya cire tsofaffin tiyo duka. A gindin kowace silinda mai ɗaga cokalin ya ɗaura bawul mai kulle mai a ciki da zarar tiyo ya fashe. Zaren noti ba ya ganuwa gare shi, da farce yake ƙirgawa. Haɗin farko cokalin ya riƙa sauka yana karkarwa kamar mai zazzaɓi, masu wucewa suna tsokanarsa, "Kawu, tsohuwarka na jin sanyi!" Sau uku yana kwancewa yana sakewa.

Ranar gwaji aka cika cokalin da duwatsu, aka ɗaga sama. Ya kori kowa nesa, ya kwance tiyon. Mai ya yi tsartuwa, cokalin ko motsi bai yi ba. Mutane suka hau tafi. Direban na gefe a kan sandunansa, bai tafa ba, sai ya jefo tambaya.

"Kawu, ashe dama akwai wannan abin?"

"Akwai, ɗana."

"Tun bara?"

Kawu ya daɗe yana goge hannu da tsumma. "Tun kafin bara," ya ce.

Kai ne, Kawu, ka faɗi wannan a gaban jama'a, alhali da ka yi shiru babu mai sani. Kai ne ka ƙarar da ragowar ganinka a kan tsohon ƙarfe don kada wata uwa ta yi kukan da ƙanwarka ta yi. Raina ya ɓaci ranar, har yau bai gama warwarewa ba, amma mun gode. Allah ya saka maka, ya sauƙaƙa maka abin da ke zuciyarka.

Ku kuma masu riƙe da sifana, don Allah ku yi koyi da gaskiyarsa, ban da jinkirinsa. Abin da kuka san zai hana nauyi faɗowa kan mutum, ku ɗaura shi tun mutumin yana tsaye da ƙafafunsa biyu.