Ƙwan Ɗakin Inna

A shekarar da aka tare ruwa a Kainji, tsibirinmu ya nutse. Muna ji muna gani ruwa ya ci gonakin albasa, ya ci rumbuna, ya hau kan maƙabarta. Aka kwaso mu aka zuba a gidajen siminti ta wajen Ngaski, ɗakunan da in ka yi magana sai su mayar maka da muryarka.

Uwar maigidana, wadda kowa ke kira Inna, ba da ƙafarta ta taso ba, ɗauko ta aka yi. Mijinta na can kwance ƙarƙashin ruwa. Sau biyu ana tsintar ta a bakin tafki tana tattare zane za ta shiga. Maigida ya ɗora mini tsaronta, ya ce kada idona ya bar ƙofarta.

Ƙanen maigida ya yi leburanci a wurin dam, ya dawo da batirin mota da waya da ƙwayayen fitila huɗu. Waya guda ya ja. Daga batir ta shiga zaure, ta ratsa ɗakinsa, ta ratsa nawa, ta ratsa na Inna, ta komo batir. Da ya gwada ƙwai ɗaya, haske fari tas. Ya ƙara na biyu, duka biyun suka dushe. Kafin na huɗu sun koma ja kamar garwashi.

Na ce, "Injiniya, wutar nan taka kamar idon mai zazzaɓi."

Ya ce, "Matata, bakinki ya fi ta zafi. Hanya ɗaya gare ta. Abin da ya bi ta ɗakina shi ke bi ta naki, kowane ƙwai kuma ya tsaya a hanya yana rage mata ƙarfi. In ɗaya ya mutu, duka sun mutu."

Inna kuwa ta koma ɗakinta. Sai ta zauna tana kallon nata ƙwan, ba ƙiftawa. Wata rana ta tambaye shi ko ruwa na kashe irin wannan wuta. Ya yi dariya ya ce a'a, ai cikin gilashi take.

Ana nan, wata magariba ina bakin murhu, wutar gidan ta ɗauke gaba ɗaya. Maza suka duƙufa kan batir a zaure, ni ma na bar tukunya na bi su ina riƙe musu aci-balbal. Aka goge, aka ɗaure, aka kwance. Mun jima a haka kafin ƙanen maigida ya miƙe ya ce batir lafiya yake, a bi waya ɗaki ɗaki. Nasa lafiya. Nawa lafiya. A ɗakin Inna muka tarar da bakin waya biyu suna lilo, ba ƙwai, ba Inna. Tabarmarta ta huce.

Ban san yadda na isa bakin tafki ba. Ruwan ya kwanta luf, ko kwaɗo ba ya kuka. Can na hango ta, ruwa ya kai mata ƙirji, ta juya mana baya, tana fuskantar inda tsibirinmu yake a da. Maigida ya shiga ya kamo ta. Ba ta yi gardama ba. Hannunta babu komai.

Ta ce, "Duhu ya yi musu yawa a ƙarƙashin ruwa. Na miƙa, an karɓa."

Ba wanda ya tambaye ta wa ya karɓa.

Muka komo gida, na sauya mata zane tana rawar sanyi. Ƙanen maigida ya murɗe bakin wayar nan biyu wuri guda. Ƙwayaye ukun da suka rage suka kama, da hasken da ya fi na kullum. Inna ta leƙo daga ɗakinta mai duhu, ta dubi hasken a ƙofata, ta gyaɗa kai.

"Kin gani, ɗiyata? Wutar ta isa wurinsu. Godiya suke yi."

Ƙanen maigida ya faɗa mini a hankali cewa ƙwai ɗaya ne ya bar hanya, shi ya sa sauran suka ƙara haske. Na yarda da shi, har yau na yarda. Amma ya faɗa ne ba tare da ya dubi ƙwayayen ba, kuma bai tsokane ni ba.

Ya so ya sa mata wani ƙwai, ta hana. Shekara uku ta ƙara a cikinmu, a ɗakin nan mai duhu, kuma ba ta sake dosar ruwa ba.