Kwalbar da Kawu ya binne

Wataƙila na cakuɗa wasu abubuwa, don shekara uku ke nan, kuma a lokacin ba na cikin hayyacina sosai.

Da aka cire wa Inna ƙari a nono a Haɗejiya, an miƙa wa Kawu, yayanta, tsokar a kwalba, aka ce a kai Kano a auna. Shi kuwa ya koma Guri ya haƙa rami a bayan gida ya binne, yadda ake yi wa duk abin da ya fita daga jikin ɗan Adam. Ina wajen bautar ƙasa, ban sani ba.

Bayan ƙarin ya dawo ne na ci karo da wani magani da ake gwaji a ƙasashen waje. Iya fahimtata, akwai ƙwayar halittar da ke aika wa ciwon dajin saƙon ya ci gaba da girma, maganin kuma tare saƙon yake yi a hanya. Na rubuta wa masu gwajin. Suka ce ba su yi alkawari ba, kuma sai an auna tsokar an ga ko irin wannan ƙwayar ce. Ma'ana, sai an sake yanka.

Kawu ya ce a'a. "Ɗan boko, za ka rantse maganin zai zo?"

Na ce ba zan iya ba, mai yiwuwa ma ba za su karɓe ta ba.

Inna tana juya kifi a kan banda, ba ta ɗago ba. "Yaya, kai da kake jefa koma a ruwa, kifi yakan yi maka rantsuwa? Jikina ne. Ka binne na farko, na biyun ba za ka gan shi ba."

Ruwa ya cinye hanya a damanar nan, sai a kwalekwale muka fita, tana zaune tsakanin buhunan shinkafa. Aka yanka, na kai kwalbar Kano a kan cinyata. An ga ƙwayar. Masu gwajin suka ce ba sa ɗaukar marasa lafiya daga nan. Inna ta ce in nemi wasu, kuma har yau ina nema, tana shan maganin da ake da shi.

Kawu yana cewa bai taɓa hanawa ba. Waɗanda suke tsakar gidan ranar, don Allah ku aiko mini da gyara inda na kuskure.