Rubutun da Baba Ya Wanke wa Ɗiyata

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a na koma gidanmu kusa da Moriki wankan jego, da ɗiyata ta fari. Baba malami ne, manomi kuma, kuma ba a taɓa kayar da shi a gardama ba. Ni na gado shi.

Rijiyarmu tana cikin lambun bayan gida. Tun da aka ba mu jiha taki ya wadata, Baba kuwa ba ya tsimin hannu. Yana zuba wa albasa har gindin rijiyar, ga tulin kashin shanu jingine da bakinta, can kuma ake ɗauraye buhunan takin. In ruwan sama ya sauka, duk nan yake tsumewa.

Kullum da safe sai ya yi rubutu a allo, ya wanke da ruwan rijiyar nan, ya ɗura wa jaririyar da kansa yana tsokanarta. "Amaryata, sha. Uwarki rowa gare ta, ni ke ba ki na kirki." Ruwan rijiyar kuma nake ba ta tsakanin nono.

Sati na biyar leɓunanta suka fara yin shuɗi, numfashi sama-sama, ta daina kama nono. Tsoro ya kama ni, wallahi. Muka tafi asibiti a Ƙaura. Bayan an ba ta magani, wata ma'aikaciyar jinya mai furfura ta tambaye ni ruwan da take sha da abin da ke kewaye da rijiyar. Ta ce taki yana bin ƙasa ya shiga ruwa, babba ya sha bai ji ba, jariri kuwa jininsa ba ya ɗauka. Ta ce nono kaɗai, har wata shida.

Da na gaya wa Baba, sai ya ɗebo ruwan a ƙwarya ya miƙo mini. "Duba. Launi bai sauya ba, ɗanɗano bai sauya ba, ba wari. Ruwan ga mai tsarki ne, ko wane littafi kika buɗe."

"Baba, ba alwala ɗiyar ga ke yi da shi ba. Sha take yi."

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Na yi nadama tun kafin in rufe baki. Ya ajiye ƙwaryar ya fita.

Washegari na tarar da shi da kwando a ka yana kwashe kashin shanun zuwa ƙarshen gona, ya hana kowa taya shi. Ya tuge albasar da ke kusa, kunya huɗu cur, saura kaɗan ta nuna. Ya sa aka ɗaga bakin rijiyar da siminti, aka yi mata murfi. Rubutu kuwa ya daina, sai ya tofa wa jaririyar addu'a a ka. Tsokanar ma ta ɗauke, abin da ya fi damuna ke nan.

Ta warke, ta yi kumatu. Ranar da zan koma ɗakina ya karɓe ta ya riƙe ya daɗe. Na ce, "Baba, ai ba ka sani ba." Bai dube ni ba.

"In ta girma ta tambaya, kada ki ce rijiya," in ji shi. "Ki ce mata da hannuna na ba ta."