Rubutun da Malam Ya Kifa

Shekara tara ke nan da rasuwar maigidana, Malam, Allah ya jiƙan shi, kuma har yau ban gama gane mutumin nan ba.

Dattawan Mairuwa kullum faɗa suke a gindin iccen bedi wajen dara, an ci ko ba a ci ba. Sai ya zamna ya rubuta masu dokokin. Ya kai wa baduku ya ɗinke da zare, yadda in an aje littafin bisa tabarma zai tsaya a buɗe, ba sai an danne da dutse ba. Kowace doka sau biyu ya rubuta ta, ɗaya daidai, ɗaya a kife. Lokacin ban iya karatu ba, amma na san kifaffen abu. Na ce, "Malam, ko idon ne ya fara?" Ya ce, "Ke dai je ki duba tukunyarki."

Sai bayan ranshi na shiga yaƙi da jahilci, da jikokina da komai. Bana babban ɗanmu ya kai littafin Funtuwa aka buga sabo, don tsohon ya fara cinyewa. Bango sai sheƙi, amma da gam aka manne shi, kana saki ya rufe. Kifaffen rubutun kuma aka cire. Ni na ce a cire, wai kada a yi wa Malam dariya.

Yanzu dole mutum ɗaya ya riƙe ya karanto. Alhaji Ɗanladi ya karanto cewa ba a jera huɗu, abokin wasanshi Baba Iro ya ce, "Ƙarya kake, juyo in gani!" Wata biyu ko gaisawa ba su yi ba. Sannan na tuna masu dara fuskantar juna suke. Ashe kowa da gefenshi ya rubuta wa.

To ya zan yi? In na ba da tsohon, zai ƙarasa yagewa, kuma shi kaɗai ne rubutun hannun Malam da ya rage mani. Da yana nan, dariya zai yi mani ko faɗa? Ban sani ba.

Jiya na fiddo tsohon daga akwatina, na kai da kaina, na aje tsakaninsu. Baba Iro ya duba gefenshi, ya daɗe, ya ce, "To, Malam ne ya faɗa, ba kai ba. Zuba mu gani."

Na dawo gida hannu wofi. Har yanzu ina buɗe akwatin.