Dutsen Alwalar Baffa

Ni ba masani ba ne. Elementaren ma da aka sa ni, ban kai ƙarshenta ba malaminmu ya ce kaina ya ɗauki iya abin da zai ɗauka, a mayar da ni gona. Amma in ana zancen dokar ajiye mota, masu digiri su ɗan matsa, don a ƙofar gidanmu aka yi karatunta.

Lokacin Turawa suna nan, manyan motoci suka fara ratsa Birnin Gwari, su taso daga Kaduna su nufi kudu da gyaɗa da auduga, wasu har da jela a baya, wadda muka koyi kira tirela. Direba in ya keto dajin nan ya ga gari, duk inda ƙamshin tuwo ya tare shi nan zai ja birki. Da ƙorafi ya yi yawa, Di'o, Baturen da ke mulkin yankin, ya sa leburori suka kawo duwatsu biyu, aka shafe su da farar ƙasa, aka ajiye bakin hanya, ɗaya can ɗaya nan. Mai shela ya zaga gari: tsakanin duwatsun nan mota za ta tsaya, wanda ya taɓa su kuwa gwamnati ya taɓa.

Baffana, wan mahaifina, shi ne mai gidanmu, kuma ranar shelar yana gona. Ya dawo ya ga dutse fari tas, shimfiɗaɗɗe, yana zaman banza. Ya ce wannan ai don alwala aka halicce shi. Ya mirgino abinsa ya wuce ƙofar zaurenmu, ya girke shi a inuwa. Mu da muka ji shela muka yi shiru, don ba a gyara wa Baffa aiki. Ya yi ta alwala a kai yana yaba hankalin Turawa.

Da kaka muka yanke dawa, muka ɗaure dammuna a gona. Fulani sun riga sun sauka gefen daji da shanunsu, suna jiran mu kwashe su shiga kara, ardonsu kuma ya aiko cewa ba zai iya riƙe dabba da yunwa ba har abada. A ranar da muka tanadi jakuna, wata tirela ta zo ta gicciye ƙofarmu, hancinta daidai dutsen Baffa, wani ƙarfe ya karye a ƙarƙashinta. Mutum zai iya raɓawa ya shiga a karkace. Jaki da kaya kuwa, sai dai ya tsaya ya yi kallo.

Baffa ya ce, "Kai direba, ka toshe mini gida."

Direban, wani ƙato mai Hausa a ɗaɗɗaure, yana kwance kan buhuna. Ya ce, "Baba, ga dutse, ga dutse. Ni ina tsakiya. Karen mota ya tafi Kaduna neman ƙarfe."

Aka kira ɗan doka. Ya zo da jar dararsa, ya taka daga wancan dutse zuwa wannan da fuskar alƙali, ya ce mota tana cikin doka.

Baffa ya ce, "Ai dutsen nan da ba a nan ya..." Sai ya tsaya.

"Da ba a nan ba, Baba? Wani ya taɓa shi ke nan? Faɗa mini sunansa."

"A'a. Cewa na yi dutse ne mai kyau."

"Ƙwarai kuwa. Ni ma na sha yin alwala a kansa."

Ya gyara hularsa ya tafi, kafaɗunsa suna rawa don dariya.

Nan fa Baffa ya zauna kan dutsen ya yi tagumi. A tara dawa a waje, awakin gari su yi biki. A bar ta a gona, shanu su yi. Innata, matar Baffa, ita ce ta leƙo daga zaure ta ce, "Malam, in ƙofa ta ƙi, ai sama ba a toshe take ba. Ka kira gayya, ni zan dama kunu."

Haka aka yi. Washegari samarin unguwa suka hallara har da makaɗi. Jakuna su sauke a bakin hanya, mu cilla dami kan tirela, na sama ya miƙa wa na kan katanga, shi kuma ya zura wa masu jira a gindin rumbu. Direba ya ga ana ta wuce masa da kaya ta kan ciki, ya tashi ya tuɓe riga ya kama mana aiki. Ba wanda ya gaya masa ba a ɗaukar dawa da tsiraicin baya.

Kafin la'asar rumbu ya cika har wuya. Da shanu suka shiga gonar, kara suka tarar da 'yan zangarniyar da muka bar musu. Direba kuwa ƙaiƙayi ya kama shi, ya kwana biyu yana goga bayansa da katangarmu kamar akuya. Baffa ya aika masa da man shanu da ƙwaryar tuwon sabuwar dawa, ya ce a gaya masa baɗi in zai karye, ya karye da wuri, akwai gero ma.